Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Limamai Da Malaman Islamiyya A Kan Haƙƙin Sallama Da Rama Alheri

Zuwa ga iyayenmu limamai, da malaman da ke karantarwa a masallatai da makarantun Islamiyya,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Allah ya gafarta malamai, ya ƙara muku lafiya da nisan kwana. Mai rubuto muku wannan wasiƙa almajirinku ne, wanda a gabanku ya koyi alwala da salla, kuma har gobe bai daina zama a ƙarshen sahu yana sauraron karatunku ba. Ban isa in karantar da ku komai ba, domin duk ayar da zan ambata da duk hadisin da zan kawo, daga bakinku na fara jin su. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wani al'amari da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, kuma na lura ba kasafai ake tsayawa a kansa a kan mimbari ba, wato yadda sallama take mutuwa a bakinmu, da yadda rama alheri yake bin sahunta.

Kwanakin baya, bayan an idar da sallar La'asar, ina bakin ƙofar masallaci ina laluben takalmina, sai ga wani dattijo ya fito yana dogara sanda. A jikin bango kuwa wani matashi ne a tsaye, littafin hadisi a hammatarsa, idonsa a kan waya. Dattijon ya tsaya a gabansa, ya mayar da sandar hannun hagu, ya miƙa na dama, ya ce, "Assalamu alaikum, ɗana." Matashin ya ɗago kai, ya dube shi, ya mayar da idonsa inda yake. Hannun nan ya jima a miƙe yana ɗan karkarwa kafin mai shi ya gane ba za a karɓa ba, ya sauke shi a hankali, ya gyara riƙon sandarsa ya wuce. Na bi shi na gaishe shi, amma na san ba amsata yake jira ba. Da na dawo na tambayi matashin ko bai ji sallamar ba ne, sai ya ce mini ya ji sarai, "amma ai ba namu ba ne, wajen malamin da aka ce mu ƙaurace wa yake ɗaukar karatu." Ya faɗi haka cikin natsuwa, irin ta wanda ya tabbata lada ya samu.

Wannan natsuwar ce ta tsaya mini a rai, kuma ita ta sa na ga ku ya kamata in kawo wa kuka. Da rashin tarbiyyar gida ne, da iyayensa zan nema. Amma yaron nan ya ɗauka addini yake yi, kuma a wani zaman karatu ya samo wannan fahimta, ko dai an faɗa masa kai tsaye, ko kuwa an faɗi rabin magana shi ya ƙarasa da kansa. Abin da aka ƙulla a majalisin ilmi kuwa, a majalisin ilmi ne za a iya kwance shi.

Allah Maɗaukakin Sarki ya ce a cikin Suratun Nisa'i, aya ta 86, idan aka gaishe ku da wata gaisuwa, to ku amsa da wadda ta fi ta kyau, ko ku mayar da irinta, lalle Allah Mai lissafi ne a kan kowane abu. Ƙofa biyu kawai ayar ta buɗe, ko a ƙara ko a mayar daidai, ba ta bar ta uku ba wadda mutum zai yi shiru ya wuce. Sannan ta rufe da ambaton lissafi, domin kada wani ya zaci cewa kalmar da aka jefo masa a bakin hanya ta yi ƙanƙantar da ba za a tambaye shi a kanta ba. A kan haka ne Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wanda ya rasu a shekara ta 386 bayan hijira, ya rubuta a Risala cewa amsa sallama wajibi ne, fara ta kuwa sunna ce da aka kwaɗaitar a kanta. Ɗalibai da yawa sun karanta wannan layi a gabanku, sun ma haddace shi, sai dai ban ga alamar sun ɗauke shi da nauyin da suke ɗaukar sauran wajibai ba. Mutumin da ba zai taɓa yarda ya bar sujada ɗaya ba, shi ne zai bar sallama goma a rana ba tare da amsa ba, ya kwanta bai ji ana bin sa bashin komai ba.

Abin lura kuma shi ne wurin da aka ajiye ayar. Tana tsakiyar ayoyin da ke magana a kan yaƙi da kuma halin munafukai, kuma ayoyi takwas bayanta, a aya ta 94, aka ce kada ku ce wa wanda ya yi muku sallama kai ba mumini ba ne. Buhari ya ruwaito daga Ibn Abbas cewa wani mutum ne yana tare da 'yan tumakinsa, Musulmi suka cim masa, ya ce musu assalamu alaikum, suka kashe shi suka kwashe dabbobin, sai wannan aya ta sauka. Idan a fagen daga, inda ake tsoron yaudara kuma rai yake kan siraɗi, an hana a yi watsi da sallamar mutum saboda zato, to da wace hujja za a yi watsi da ita a ƙofar masallaci, daga bakin wanda yanzun nan aka gama salla da shi a sahu ɗaya?

Na san amsar da matashin nan zai bayar, domin na sha jin ta. Zai ce magabata sun ƙaurace wa masu saɓo da masu bidi'a, kuma zai kawo ƙissar Ka'abu bin Malik. Ina roƙon ku karanta wa ɗalibanku wannan ƙissa a tsanake, daga farkonta har ƙarshe, kamar yadda ta zo a Buhari da Muslim, domin a ganina tana kansu ne fiye da yadda take tare da su. A shekara ta 9 bayan hijira, da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya dawo daga Tabuka, mutum 80 da ɗoriya suka zo suna kawo uzurin ƙarya a kan rashin fitarsu, ya karɓi zahirinsu ya bar zukatansu ga Allah. Mutum uku ne kaɗai aka hana yi wa magana, Ka'abu da Murara bin Rabi'i da Hilalu bin Umayya, kuma wanda ya ba da umarnin shi ne wanda wahayi yake sauka gare shi. Ka'abu ya ce yakan zo masallaci ya yi wa Annabi (SAW) sallama bayan salla, sannan ya riƙa tambayar kansa, shin ya motsa leɓɓansa da amsa ko bai motsa ba? Da abin ya yi masa tsawo ya haura katangar gonar Abu Ƙatada, ɗan baffansa kuma mafi soyuwar mutane a gare shi, ya yi masa sallama, bai amsa ba. Ya haɗa shi da Allah har sau uku ko ya san yana son Allah da Manzonsa, amsar da ya samu kawai ita ce Allah da Manzonsa ne mafi sani, sai idanunsa suka cika da hawaye ya juya. Dare 50 aka yi a haka, kuma Alƙur'ani da kansa, a Suratut Tauba aya ta 118, ya siffanta halin da suka shiga da cewa ƙasa duk da faɗinta ta yi musu ƙunci.

Wannan shi ne nauyin hana amsa sallama. Hukunci ne mai tsanani wanda Annabi ya zartar a kan mutane sanannu, saboda laifi tabbatacce da suka amsa da bakinsu, na tsawon lokaci ƙayyadadde, kuma ya ƙare da tuba da rungumar juna. Manyan malamai, har da Ibn Taimiyya, sun bayyana cewa ƙaura magani ce da ake duba amfaninta, idan za ta dawo da mai laifi a yi ta, idan kuwa ƙara nisanta shi za ta yi to jawo shi a jiki ya fi. Yau kuma ga wannan makami a hannun yaron da bai gama karatun tsarki ba, yana zartar da shi a kan sa'an kakansa, babu wa'adi, babu nasiha, babu ma wanda ya gaya wa dattijon laifinsa. Alhali ƙa'idar da aka gina zaman Musulmi a kanta ita ce hadisin Abu Ayyuba Al'ansari, cewa bai halatta Musulmi ya ƙaurace wa ɗan'uwansa fiye da dare uku ba, su haɗu wannan ya kau da kai wancan ya kau da kai, kuma mafi alherinsu shi ne wanda ya fara sallama. Muslim ya kuma ruwaito cewa ana bijiro da ayyuka ranar Litinin da Alhamis, a gafarta wa duk wanda ba ya shirka, ban da mutum biyun da ke gaba da juna, sai a ce a jinkirta wa waɗannan har su shirya.

Cuta ta biyu ba ta da alaƙa da saɓanin fahimta, ta girman kai ce da kallon aljihu. Mai hali idan ya yi sallama ana amsa masa ita cikakkiya har da barakatuhu, a miƙe tsaye, a kama hannunsa da hannu biyu. Talaka kuwa idan ya yi, abin da yake samu gyaɗa kai ne ko wani gunaguni a maƙoshi wanda ba a rarrabe haruffansa. Ibn Mas'ud ya ruwaito cewa daga cikin alamomin kusantowar Alƙiyama akwai keɓance sallama ga waɗanda aka sani kawai, alhali da aka tambayi Annabi (SAW) wane Musulunci ne mafi alheri, cewa ya yi ka ciyar da abinci, ka yi sallama ga wanda ka sani da wanda ba ka sani ba. Ku dubi ma yadda ya tsara wanda zai fara: na kan abin hawa ya yi wa mai tafiya a ƙasa, mai tafiya ya yi wa na zaune, kaɗan su yi wa masu yawa, ƙarami ya yi wa babba. Wanda yake sama a kan dabba shi aka ɗora wa farawa, domin shi ne girman kai ya fi saurin kamawa, kuma shi ne na ƙasa ya fi jin tsoronsa. Mu kuwa mun juya tsarin, wanda yake cikin mota shi yake jiran na ƙasa ya rusuna.

Imam Malik ya kawo a Muwaɗɗa cewa Ɗufailu bin Ubayyu bin Ka'abu yakan raka Abdullahi bin Umar kasuwa da safe, kuma ba ya wuce mai ƙaramar sana'a ko babban ɗan kasuwa ko miskini face ya yi masa sallama. Wata rana Ɗufailu ya tambaye shi abin da yake kai shi kasuwa, tunda ba ya saye, ba ya taya kaya, ba ya zama a majalisun kasuwa. Ibn Umar ya amsa masa cewa saboda sallama kawai muke fitowa, mu yi ta ga duk wanda muka haɗu da shi. Wannan babban malami ne daga cikin sahabbai, ɗan halifa, wanda ake zuwa neman fatawa wurinsa, shi yake tashi takanas ya tafi neman wanda zai gaisar.

A nan, Allah ya gafarta malamai, zan faɗi abin da ya fi mini nauyi a baki, kuma ina neman afuwa tun kafin in faɗa. Sau da yawa ɗalibi yakan zo gaban malaminsa ya yi cikakkiyar sallama, malam yana duba littafi ko yana magana da wani babban baƙo, sai ya ɗaga masa hannu kawai ko ya ce "yauwa". Na san yawan jama'a yana gajiyarwa, na kuma san babu malamin da yake nufin wulaƙanci da hakan. Sai dai ɗalibi da ido yake karatu kafin kunne, kuma abin da ya ga malaminsa ya sauƙaƙa shi ma zai sauƙaƙa shi ga na ƙasa da shi. Anas bin Malik ya wuce wasu yara ya yi musu sallama, ya ce haka Annabi (SAW) yake yi. Yaron da malaminsa ya fara yi wa sallama a bakin aji, ya kira sunansa, ba ya bukatar a yi masa dogon wa'azi a kan falalarta.

Akwai kuma cikin gida, inda abin ya fi ɓuya. Suratun Nur, aya ta 61, ta ce idan kun shiga gidaje ku yi sallama ga junanku, gaisuwa daga wurin Allah mai albarka mai daɗi. Amma sau nawa magidanci yake gaishe da duk wanda ya gamu da shi a hanya, sannan ya shiga wurin matarsa da 'ya'yansa da faɗa ko da ɗaure fuska? Miƙdadu ya ba da labari, a ruwayar Muslim, cewa Annabi (SAW) idan ya zo da dare yakan yi sallama da muryar da ba ta tashin mai barci amma mai ido biyu zai ji ta. Ko a wannan ɗan ƙaramin abu an kiyaye haƙƙin mutum biyu a lokaci guda. A waya kuma mun yanke addu'ar gaba ɗaya ta koma baƙaƙe uku, "slm", alhali hadisin Imrana bin Husaini ya nuna cewa assalamu alaikum lada 10 ce, da wa rahmatullahi ta zama 20, da wa barakatuhu ta cika 30. Yawancin masu yin haka ba su san cewa Assalamu suna ne daga sunayen Allah ba, kuma ba a taɓa zaunar da su an gaya musu cewa mai sallama addu'a yake yi wa ɗan'uwansa, yana kuma yi masa alkawarin cewa ba zai ga cuta daga gare shi ba.

Dalilin da ya sa na haɗa sallama da rama alheri a wasiƙa ɗaya shi ne, a fahimtata, ayar Nisa'i ita ce makarantar farko ta rama alheri. Alƙurɗubi ya ambata a tafsirinsa cewa wasu malamai sun fassara gaisuwar da ke cikin ayar da kyauta, ko da yake shi ya rinjayar da cewa sallama ake nufi. Ko ma wace fassara aka ɗauka, ma'aunin ɗaya ne da na Suratur Rahman, aya ta 60, cewa babu sakamakon kyautatawa sai kyautatawa. Ku dubi yadda shari'a ta bambanta ma'auni biyu. A wajen cuta, Suratush Shura aya ta 40 ta ce sakamakon mummuna mummuna ne kwatankwacinsa, wanda ya yafe ya gyara kuwa ladansa yana wurin Allah, wato daidai shi ne iyakar abin da aka yarda, ragewa ta fi. A wajen alheri kuwa daidai shi ne mafi ƙarancin abin da za a karɓa, ƙarawa ta fi. Mu sai muka haddace rabin farko muka ƙara masa gishiri, har ana cewa rama cuta ga macuci ibada ne, rabi na biyun kuma muka bar shi a littafi. Wanda aka saba masa tun yana yaro cewa kalmar alheri ma bashi ce da ake biya nan take, har da ƙari, zai yi wuya ya girma ya ci alherin mutane ya share baki.

Rayuwar Annabi (SAW) cike take da wannan. A'isha ta ce yana karɓar kyauta kuma yana saka wa a kanta. Ya ranci ɗan saurayin raƙumi, da lokacin biya ya yi ba a sami irinsa ba sai wanda ya fi shi, ya ce wa Abu Rafi'i ya ba mai shi, domin mafi alherin mutane shi ne wanda ya fi kyautata biya. Bayan rasuwar Khadija da shekaru, idan ya yanka dabba yakan aika wa ƙawayenta. Amma wanda ya fi ratsa ni shi ne labarin Muɗ'imu bin Adiyyu. Lokacin da Annabi ya dawo daga Ɗa'ifa, bayan an jefe shi an kore shi, wannan mutum ne ya ba shi kariya ya shiga Makka, kuma ya mutu bai musulunta ba. Da aka kama fursunonin Badar a shekara ta 2 bayan hijira, Annabi ya ce da Muɗ'imu yana raye ya yi masa magana a kansu, da ya sakar masa su. Mutumin yana kabari, babu abin da zai iya amfanar da shi, amma ba a manta ba. Haka nan Abdullahi bin Ubayyu, shugaban munafukai, wanda ya taɓa ba Abbas, baffan Annabi, rigarsa ranar da aka kawo shi cikin fursunoni babu rigar da ta yi masa daidai sai tasa. Da ya mutu Annabi ya ba da rigarsa aka sa masa, kuma Sufyanu bin Uyaina ya bayyana cewa alheri ne ya taɓa yi wa Annabi, sai Annabi ya so ya rama masa. Idan mushiriki da munafuki ba a cinye musu alherinsu ba, to babu wani saɓanin mazhaba ko na ƙungiya da zai halatta cinye na Musulmi.

Ko ƙissar Ka'abu da na kawo ɗazu, da rama alheri ta ƙare. Mutumin da ya hau dutsen Sal'u ya ƙwala masa busharar karɓar tubarsa, da ya iso, Ka'abu ya tuɓe tufafinsa biyu ya ba shi alhali ba shi da wasu, sai aro ya yi ya sa. Da ya shiga masallaci Ɗalhatu bin Ubaidullahi ya taso da sauri ya yi musafaha da shi ya taya shi murna, kuma mai ruwayar ya ce Ka'abu bai taɓa manta wa Ɗalhatu wannan ba. Tasowa ce kawai da miƙa hannu, irin hannun da aka bar dattijon nan da shi a miƙe.

Ba zan ɓoye muku nawa laifin ba, domin shi ma yana cikin abin da ya sa nake rubutun nan. Ina saurayi mahaifina ya kwanta rashin lafiya mai tsawo, har na yanke shawarar barin karatu. Wani maƙwabcinmu, wanda shi ma ba mai hali ba ne, ya riƙa saya mini littattafai yana biya mini abin da ake bukata, ba tare da ya gaya wa kowa ba. Da Allah ya buɗa mini na yi nisa da gida, kullum ina cewa zan je masa idan na tara abin da ya dace da girman abin da ya yi mini, domin ina jin kunyar in je hannu rabbana. Shekara ta bi shekara ina jiran ranar, har wata safiya aka kira ni aka ce an kai shi makwancinsa. Daga baya ɗansa ya gaya mini cewa yakan tambaye ni, kuma abin da yake cewa kawai shi ne ko ina lafiya. Da na fahimci hadisin Ibn Umar tun da wuri, wanda ya ce duk wanda ya yi muku alheri ku saka masa, idan ba ku sami abin sakawa ba ku yi ta yi masa addu'a har sai kun ga kun saka masa, da ban jira na tara komai ba. Hadisin Usama bin Zaidu ma ya sauƙaƙa fiye da haka, cewa wanda aka yi wa alheri ya ce wa mai shi jazakallahu khairan, to ya kai matuƙa wajen yabo. Sallama ɗaya a ƙofar gidansa da wannan addu'a sun ishe shi, ni ne na ɗora wa kaina sharaɗin da shari'a ba ta ɗora mini ba. Yanzu 'ya'yansa nake ziyarta, ina kuma sa shi a addu'a tare da iyayena.

Abin da na gano tun daga nan shi ne, abu na farko da ke yankewa tsakanin mutum da wanda ya taimake shi shi ne sallama. Wani kunya ce take hana shi, kamar yadda ta hana ni, wani kuwa ba ya son ganin fuskar da ta san ranar da yake cikin bukata, sai ya canza hanya, ya daina ɗaga waya, a ƙarshe ma ya nemo wa mutumin laifi domin ya huta da nauyin godiya. Hadisin Jabir ya ce wanda ya yaba ya gode, wanda ya ɓoye kuwa ya butulce, kuma hadisin Abu Huraira ya ce wanda ba ya gode wa mutane ba ya gode wa Allah. Illar ba ta tsaya a kan mutum biyu ba, domin duk wanda aka butulce wa sau biyu ko uku hannunsa yakan yi sanyi, sai mabukaci na gaba, wanda bai ci ba bai sha ba, ya zo ya tarar da ƙofa a rufe.

Ina roƙon idan za ku yi wannan bayani ku haɗa da ɗaya ɓangaren, kada mai bayarwa ya mayar da shi sandar dukan wanda ya taimaka wa. Suratul Baƙara, aya ta 264, ta hana ɓata sadaka da gori da cutarwa, kuma Suratul Insan ta yabi waɗanda ke ciyarwa suna cewa ba ma nufin sakamako ko godiya daga gare ku. Kowa da nasa wajibin, mai bayarwa ya manta, mai karɓa ya tuna. Haka nan a ja kunnen masu fakewa da rama alheri suna kai wa mai riƙe da amanar jama'a abin hannu, domin da Ibnul Lutbiyya ya dawo daga karɓar zakka ya ce wannan naku ne wannan kuma kyauta aka ba ni, Annabi (SAW) ya hau mimbari ya ce me ya hana shi zama a gidan uwarsa da ubansa ya ga ko za a kawo masa. Ƙarin da mai biyan bashi yake yi ma, kun fi ni sani, yana halatta ne idan ba a sharɗanta shi tun farko ba.

Game da maƙwabta da abokan aiki waɗanda ba Musulmi ba, malamai sun yi maganganu a kan fara yi musu sallama, kuma wannan fagenku ne. Abin da nake roƙo ku bayyana wa jama'a shi ne ba a san shiru ko harara a matsayin amsa ba. Ko lokacin da wasu Yahudawa suka karkata harshe suka yi wa Annabi (SAW) fatan mutuwa a madadin sallama, A'isha ta mayar musu da zafi, cewa ya yi ta bi a hankali, Allah yana son sauƙi a cikin kowane al'amari, shi kuwa ya amsa da wa alaikum. Buhari ya kawo a Al'adabul Mufrad cewa Ibn Abbas ya ce da Fir'auna zai ce masa Allah ya yi maka albarka, da ya ce masa kai ma haka.

Saboda haka ina roƙonku, don girman Allah, ku ware wa wannan babi huɗuba cikakkiya, kada ya tsaya a matsayin ɗan tsokacin da ake yi a ƙarshen karatu idan lokaci ya rage. Abdullahi bin Salam ya ce abu na farko da ya ji daga bakin Annabi (SAW) lokacin da ya iso Madina shi ne ku yaɗa sallama, ku ciyar da abinci, ku sada zumunci, ku yi salla da dare mutane suna barci, ku shiga Aljanna da aminci. Gari ne da ƙabilun Ausu da Khazraju suka daɗe suna zubar da jinin juna a cikinsa, kuma da sallama aka fara ɗinke shi. A makarantun Islamiyya a koya wa yara ma'anar kalmomin tare da lafazinsu, a saba musu da cewa jazakallahu khairan ga wanda ya ara musu alƙalami. Duk malamin da ya taɓa ce wa ɗalibansa su ƙaurace wa wani, ya dawo ya fayyace musu iyakar maganarsa, domin suna aiwatar da ita a kan mutanen da bai taɓa nufi ba. Kuma idan akwai liman biyu da suka daɗe ba sa ga maciji da juna, mabiyansu suna kallo, to ranar da ɗayansu ya taka ya je masallacin ɗan'uwansa ya yi masa sallama a gaban jama'a, matashin nan mai littafi a hammata zai ji labari kafin a kira Magariba.

An ruwaito daga Ibn Abbas cewa yana ganin amsa wasiƙa haƙƙi ne kamar amsa sallama. Na buɗe wannan da sallama cikakkiya, ina kuma sauraron amsarku daga kan mimbari. Idan na yi kuskure a wata ruwaya ko na wuce gona da iri a lafazi, ku gyara mini kamar yadda kuka saba, Allah ya saka muku da alheri a kan abin da kuka koya mana.

Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Naku,
Almajirinku mai sauraron karatu a ƙarshen sahu.